Lalacewa da Lalatawa: Makomar Ƙayyadaddun Magunguna a Ɗakunan Binciken Jami'a

1.0 Gabatarwa

Akwai wasu magunguna da doka ba ta yarda su shiga hannun kowa ba sai da izini, kuma ba ta yarda su fita daga hannun wanda aka ba izinin ba sai da shaida. Irin waɗannan magunguna ba a asibiti kaɗai ake samunsu ba. Suna nan a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i, inda malamai da ɗalibai ke amfani da su wajen bincike. Sayensu yana da ƙa'ida, ajiyarsu tana da ƙa'ida, kuma galibi ana kiyaye waɗannan biyun. Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙarshen al'amarin, wato lokacin da bincike ya ƙare aka bar ragowa, ko kuma wa'adin maganin ya wuce yana cikin kabad.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake rabuwa da irin waɗannan magunguna. Za ta kawo misalai daga Kano da Zariya da Sakkwato, da kuma yankin Fezzan na kudancin Libiya. Abin da take son tabbatarwa shi ne, maganin da ya lalace a wurin mai bincike yana nan da ransa a wurin mai shaye-shaye, don haka amanarsa ba ta sauka daga wuyan jami'a sai ranar da aka lalata shi a gaban shaidu. A ƙarshe za a duba wasu kalmomin Hausa da suka shafi wannan batu.

2.0 Ma'anar Ƙayyadaddun Magunguna

Ƙayyadaddun magunguna su ne waɗanda doka ta ƙayyade wanda zai shigo da su, da wanda zai ajiye su, da wanda zai ba da su, saboda suna sa maye ko kuma jiki yana sabawa da su har ya kasa haƙura. A bakin jama'a akan kira su miyagun ƙwayoyi, amma wannan suna bai game su ba. Mofin, alal misali, rahama ne ga mai ciwon daji da ke cikin raɗaɗi. Yana zama mugu ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

2.1 Dokokin Duniya

Yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ginshiƙin wannan tsari. Ta farko ita ce ta 1961 kan magunguna masu sa maye, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1972. Mofin da kodin suna ƙarƙashinta. Ta biyu ita ce ta 1971 kan magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, kamar dayazefam da finobabiton da fentobabiton da fentazosin. Ta uku ita ce ta 1988 kan fataucin waɗannan kayayyaki da sinadaran da ake haɗa su da su. Nijeriya da Nijar da Libiya duk sun amince da yarjejeniyoyin uku. Hukumar da ke sa ido kan aiwatar da su tana birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma kowace ƙasa tana aika mata lissafin abin da ta shigo da shi da abin da ta yi amfani da shi.

Akwai magungunan da yarjejeniyoyin ba su saka a jadawalinsu ba, kamar tiramadol da ketamin. Waɗannan an bar wa kowace ƙasa ta yi musu doka gwargwadon halin da take ciki. Amurka ta ƙayyade ketamin a 1999, ta kuma ƙayyade tiramadol a 2014.

2.2 Dokokin Cikin Gida

A Nijeriya hukumomi biyu ne suka fi ruwa da tsaki. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da halattacciyar hanya, wato ba da izinin shigo da ƙayyadaddun magunguna don asibiti da bincike, da bin diddigin inda suka tafi. A Libiya kuwa doka mai lamba 7 ta shekarar 1990 ce tushen hukunci kan wannan batu. Duk waɗannan dokoki sun haɗu a kan abu guda: kowane awo da ya shiga sai an rubuta, kowane awo da ya fita sai an rubuta.

3.0 Abin da Ya Kai Su Jami'a

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin jami'a da mofin? Amsar tana cikin yadda ake gudanar da bincike a tsangayoyin haɗa magunguna da likitanci da likitancin dabbobi, irin waɗanda ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Da yawa daga binciken da ake yi a waɗannan tsangayoyi kan itatuwan gargajiya ne. A ɗauka ɗalibi yana son ya gano ko saiwar gwandar daji tana rage farfaɗiya, ko ganyen sabara yana rage zogi. Ba zai iya cewa komai ba sai ya gwada tsimin da ya tato da wani magani da aka riga aka san ƙarfinsa. Sai ya raba ɓerayen gwaji rukuni-rukuni. Wani rukuni a ba shi tsimin, wani a ba shi ruwan gishiri kawai, wani kuma a ba shi sanannen maganin. Idan zogi ake aunawa, sanannen maganin yakan zama mofin ko fentazosin. Idan farfaɗiya ce ko barci, yakan zama dayazefam ko finobabiton. Haka kuma ana amfani da ketamin wajen sumar da dabba kafin a yi mata tiyata, da fentobabiton wajen kashe ta ba tare da wahala ba idan gwaji ya ƙare.

Abin lura a nan shi ne, ɓeran gwaji bai fi 'yan giram ba, saboda haka abin da yake buƙata ɗigo ne kawai. Kwalbar allura kuwa an yi ta ne da awon mutum ko na babbar dabba. Ke nan kusan kowane bincike yakan ƙare da ragowa.

4.0 Dalilan da Ke Sa Magani Ya Yi Kwantai

Dalili na farko shi ne tafiyar mai shi. Ɗalibi ya kammala kundinsa ya tafi bautar ƙasa, malami ya yi ritaya, ko ya koma wata jami'a, ko ya rasu. Sai a bar 'yan kwalabe a kabad, wanda ya gaji ofishin bai san tarihinsu ba, kuma yana jin tsoron taɓa su.

Na biyu shi ne tsayawar karatu. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga watan Maris zuwa Disamba. A 2022 ta sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wato wata takwas cur. Malamai suna yajin aiki, amma wa'adin magani ba ya yi. A Sabha, babban birnin Fezzan, inda akwai jami'ar da ta tsaya da ƙafafunta tun 1983, faɗace-faɗacen 2012 da 2014 da 2018 sun tsayar da harkokin yau da kullum na tsawon lokaci. A irin wannan hali ba ƙarewar wa'adi kaɗai ake tsoro ba, har da rashin mai gadin ƙofa.

Na uku shi ne zafi. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu cewa a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 ba. A Sakkwato lokacin bazara, da Sabha a tsakiyar shekara, zafi yakan haura digiri 40. Idan aka haɗa da ɗaukewar wutar lantarki, magani yana iya canza launi ko ya yi gudaji tun kafin ranar da aka buga a kwalinsa.

Na huɗu shi ne sauyin doka. A ranar 30 ga Afrilu 2018 BBC ta fitar da wani rahoton bincike kan yadda maganin tari mai kodin ke zurarewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, kuma an ɗauki wani sashe nasa a Kano. Washegari, 1 ga Mayu, Gwamnatin Tarayya ta hana yin wannan magani da shigo da shi. Bayan 'yan watanni Ma'aikatar Lafiya ta sanar da janye kwalabe miliyan 2.4 daga kasuwa. Kayan da jiya halas ne a kan kanta, yau sun zama nauyi ga duk wanda ke riƙe da su.

5.0 Ƙarewar Wa'adi da Ƙarfin Magani

Ranar da ake bugawa a jikin kwali alkawari ne daga kamfani cewa maganin zai riƙe cikakken ƙarfinsa zuwa wannan rana, muddin an ajiye shi yadda ya kamata. Kamfanin bai ce zai mutu washegari ba. Iyakar abin da ya ce shi ne, daga nan babu ruwansa.

Bincike ya nuna haka. Tun 1986 rundunar sojan Amurka da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar suke gwada magungunan da ke rumbunan soja don ganin ko za a tsawaita wa'adinsu. Wani nazari da aka buga a 2006 ya duba nau'in magani 122, ya gano cewa kashi 88 cikin 100 na rukunonin da aka gwada sun cancanci ƙarin wa'adi, kuma matsakaicin ƙarin ya kai wata 66. A 2012 wasu masana a Kalifoniya ƙarƙashin jagorancin Lee Cantrell sun gwada magungunan da wa'adinsu ya wuce da shekara 28 zuwa 40, waɗanda ba a taɓa buɗe su ba. Daga sinadarai 14 da suka auna, 12 suna riƙe da aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsu, kuma kodin yana cikinsu.

Wannan ba izini ba ne na yin aiki da tsohon magani, domin waɗancan an ajiye su ne a rufe, cikin sanyi da bushewa. Mai bincike yana buƙatar ya san ƙarfin abin da ke hannunsa daidai wa daida. Idan sanannen maganin da ake gwada tsimi da shi ya yi rauni, tsimin zai fito kamar ya fi yadda yake, sakamakon ya zama ƙarya. Idan maganin sumarwa ya yi rauni, dabba za ta farka ana tsakiyar yi mata aiki. Shi ya sa ƙa'idojin kula da dabbobin gwaji a Amurka suka hana amfani da maganin sumarwa ko na zogi da wa'adinsa ya wuce.

Mai shaye-shaye kuwa ba ya auna komai. Kwalbar da ta rage kashi 80 na ƙarfinta ta ishe shi, ta kuma isa ta kashe shi. A nan haɗarin yake. Daga ranar da magani ya daina amfani ga jami'a, ido yakan ɗauke daga kansa, alhali darajarsa a kasuwar bayan fage ba ta ragu ba.

6.0 Kasuwar da Ke Jira a Waje

Wannan kasuwa ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan zogi na asibiti suka sha ba bisa umarnin likita ba, musamman tiramadol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Wato wani babban kaso na matsalar ya fito ne daga kayan da aka yi domin warkarwa.

Haka abin yake a tsallaken Sahara. A watan Mayun 2017 jami'an Italiya sun kama ƙwayar tiramadol miliyan 37 a tashar jiragen ruwa ta Jenowa a kan hanyarta ta zuwa Libiya. A Nuwamban shekarar suka sake kama miliyan 24 a wata tasha da ke kudancin ƙasar. Tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Agadas da Fezzan, wadda a da ake bi da fata da tufafi, yau tana cikin hanyoyin da masu fasa-ƙwaurin ƙwaya ke bi.

Idan aka gwada da waɗannan miliyoyi, 'yan kwalaben da ke kabad ɗin wani sashe ba su taka kara sun karya ba. Amma suna cikin harabar da dubban matasa ke kai da kawowa, kuma irin waɗanda ke jami'a, kamar mofin na allura, sun fi na kan titi ƙarfi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwalbar da ba ta cikin lissafin kowa ita ce tsagar.

7.0 Hanyoyin da Ba Su Dace Ba

Akwai hanyoyi huɗu da hannu ya fi saurin kaiwa gare su, kuma kowace tana da illa.

Jefawa a kwandon shara. Shara ba ta tsayawa inda aka zuba ta. Masu share ofis za su ɗauka, 'yan jari-bola za su tona, yara za su tsinta a juji. Haka nan gawar dabbar da aka kashe da fentobabiton guba ce ga duk abin da ya ci ta. A Amurka an sha samun mikiya da karnuka sun mutu ta wannan hanya.

Tuttulawa a magudana ko ban-ɗaki. A yawancin garuruwan ƙasar Hausa ruwan datti yana gangarawa ne cikin rami ko kwata, sau da yawa kusa da rijiya ko burtsatse. A Fezzan lamarin ya fi tsanani, domin babu kogi ko ɗaya. Garuruwa irin su Zigan da Samnu da Tamanhint, da ke arewa maso gabashin Sabha, da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha, da shi suke ban-ruwan dabino. Ko inda ake da na'urorin tace ruwa, ba duk sinadaran magani suke kamawa ba. Wani nazari da Jami'ar Yok ta Ingila ta jagoranta, aka buga a 2022, ya auna ruwan koguna 258 a ƙasashe 104, ya tarar da ɓurɓushin magunguna a mafi yawansu.

Ƙonawa a fili. Wutar juji ba ta da zafin da zai cinye sinadarin gaba ɗaya. Hayaƙin robar da aka naɗe ƙwaya da ita yana da guba, kwalaben allura suna fashewa su yi tsalle, kuma akan tarar da ƙwayoyi lafiya lau a cikin toka.

Kyautarwa. Malami ya ga abokin aikinsa na wani sashe yana bukata, sai ya miƙa masa ragowar ba tare da takarda ba. Niyyar mai kyau ce, amma a idon doka maganin ya ɓata, domin ya fita daga rajista ɗaya bai shiga wata ba.

8.0 Matakan da Ake Bi

Tsarin kowace ƙasa yana da nasa takardu, amma matakan kusan iri ɗaya ne.

Na farko, warewa. Da zarar an ga wa'adi ya wuce ko buƙata ta ƙare, sai a rubuta a jikin kwalbar cewa ba ta aiki ba ce, a ware ta gefe guda, amma a cikin akwatin ƙarfen da ake kulle sauran. Ba a fitar da ita zuwa sito ko kan tebur don wai ta lalace.

Na biyu, ƙirgawa. Mutum biyu ne za su ƙirga, su rubuta sunan maganin, da ƙarfinsa, da lambar rukuninsa, da ranar ƙarewarsa, da yawan abin da ya rage. Sai a gwada da rajista. Idan an karɓi mililita 10, an yi aiki da 6, dole a ga 4. Idan ba a gani ba, wannan ya tashi daga batun shara ya koma batun ɓata ko sata, kuma rahoto ake kaiwa. A Amurka doka ta ba da ranar aiki ɗaya tak daga lokacin da aka gano a sanar da hukuma a rubuce.

Na uku, neman izini. A Nijeriya NAFDAC ake rubuta wa, a haɗa da jerin kayan. Jami'anta sukan zo su tantance, sannan a sa rana da wuri. A Amurka kuwa jami'o'i sukan miƙa kayan ne ga wasu kamfanoni masu lasisi na musamman, waɗanda aikinsu shi ne karɓar ƙayyadaddun magunguna su lalata. Inda dillalin da ya sayar ya yarda ya karɓi kayansa, mayar masa da su da takarda ya fi komai sauƙi.

Na huɗu, lalatawa a gaban shaidu. Hikimar shaidu a fili take: ba a ba kura ajiyar nama, kuma ko mai gaskiya yana buƙatar wanda zai wanke shi gobe. Dokar da Amurka ta fara aiki da ita a Oktoban 2014 ta nemi ma'aikata biyu su gani da idonsu su sa hannu, ta kuma shimfiɗa mizani mai kyau: sai an mayar da maganin yadda ba za a iya dawo da shi ba har abada. A bisa wannan mizani, tuttulawa a magudana ko cuɗawa da shara bai wadatar ba.

Na biyar, rufe lissafi. A karɓi takardar shaidar lalatawa, a rubuta a rajista, a adana. Sai a wannan lokaci ne nauyin ya sauka.

9.0 Dabarun Lalatawa

A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan rabuwa da magungunan da ba a buƙata. Abin da ya jawo shi shi ne yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995, inda aka ƙiyasta cewa tan 17,000 na magungunan agaji sun taru ba su da amfani. Jagoran ya yi la'akari da ƙasashen da ba su da kayan aiki, shi ya sa ya dace da wannan yanki. Ga uku daga cikin dabarun da ya kawo.

Ƙonawa a tanderu mai tsananin zafi, wato sama da digiri 1,200. Wannan ita ce mafi inganci. Inda babu irin wannan tanderu, ana iya amfani da mai zafin digiri 850 mai ɗaki biyu. Jagoran ya kuma ambaci tanderun masana'antar siminti, wanda zafinsa ke kaiwa digiri 1,450, da sharaɗin kada maganin ya wuce kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake zubawa.

Dasƙarewa a cikin duro. Ana zuba magungunan a duron ƙarfe har kashi 75 cikin 100, a cike sauran da kwaɓin farar ƙasa da siminti da ruwa a kan awon 15 da 15 da 5, a yi wa murfin walda, a bar shi kwana 7 zuwa 28 ya sandare, sannan a binne a ƙasan wurin zuba shara na hukuma.

Niƙewa da kwaɓawa. Ana fitar da ƙwayoyin daga kwali da leda, a niƙe su, a kwaɓa da farar ƙasa da siminti da ruwa: kashi 65 magani, 15 farar ƙasa, 15 siminti, 5 ruwa. Idan ya bushe ya zama dutse, babu mai iya cire komai daga ciki.

Game da ƙayyadaddun magunguna, jagoran ya ƙara sharaɗin cewa a yi aikin a ƙarƙashin kulawar masanin haɗa magunguna ko 'yan sanda, gwargwadon dokar ƙasa. Saboda haka ko da siminti da duro suna nan a harabar jami'a, sashe ba ya yin gaban kansa.

Abin da ya fi duk waɗannan arha shi ne rage ragowar tun farko: a sayi daidai buƙata, a fara da wanda wa'adinsa ya fi kusa, a riƙa ƙirga a kai a kai, kuma kada a sa wa ɗalibi ko malami hannu a takardar sallama sai ya miƙa abin da ke hannunsa.

10.0 Nazarin Wasu Kalmomi

Hausa ta bambance abin da ya faru da kansa da abin da wani ya aikata, ta hanyar sauya ƙarshen aikatau. A tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, "lalata" tana giredi na ɗaya, kuma so-karɓau ce: an lalata magani. "Lalace" tana giredi na huɗu, kuma ƙi-karɓau ce: magani ya lalace. Saiwarsu ɗaya. Harafin "t" ne ya koma "c" a gaban wasalin "e", abin da ake kira ganɗantawa. Sifar da aka samo daga saiwar, wato lalatacce, lalatacciya, lalatattu, ba ta fayyace ko abin da kansa ya lalace ko lalata shi aka yi ba. Don haka a takardar hukuma ya fi kyau a rubuta "maganin da wa'adinsa ya wuce" ko "maganin da aka lalata".

Haka nan akwai zuba, zube, zubar. An zuba magani a duro, a nan akwai wurin da aka nufa. Magani ya zube, wato tsautsayi ne. An zubar da magani, wato an rabu da shi, kuma wannan giredi na biyar ne, mai neman "da" kafin karɓau. Zubarwa tana nuna abu ya bar hannun mai shi, ba ta ce ya daina wanzuwa ba.

Kalmar "ƙwaya" asalinta ɗan tsaba ne, kamar ƙwayar gero. Daga nan ta koma sunan ƙwayar magani, sannan ma'anarta ta faɗaɗa zuwa kayan maye gaba ɗaya, har aka samu "ɗan ƙwaya". Ita kuwa "wa'adi" daga Larabci aka aro ta, inda take da ma'anar alkawari, kuma wannan ma'ana ta dace da abin da aka bayyana a sashe na 5.0.

11.0 Kammalawa

An ga yadda ƙayyadaddun magunguna ke shiga jami'a domin bincike, da dalilan da ke sa su yi kwantai, da illar jefa su a shara ko magudana ko wutar juji. An kuma ga matakai biyar da ake bi: warewa, ƙirgawa, neman izini, lalatawa a gaban shaidu, da rufe lissafi. Lalacewa abu ne da lokaci da zafi ke yi ba tare da an sa su ba. Lalatawa aiki ne da sai wani ya ɗauki alhakinsa, ya sa hannu, wani ya shaida. Kafin a kai ga haka, kwalbar da ke cikin kabad tana nan a kan sunan wanda ya karɓe ta.

Tambayoyi

1. A kawo dalilai huɗu da ke sa ƙayyadadden magani ya yi kwantai a ɗakin bincike.
2. Me ya sa mai bincike ba zai yi aiki da maganin da wa'adinsa ya wuce ba, alhali yana iya kasancewa da sauran ƙarfi?
3. A bayyana bambancin aikin NDLEA da na NAFDAC kamar yadda ya zo a sashe na 2.2.
4. A gina jimla biyu-biyu da kowane ɗaya daga waɗannan: ƙona da ƙone, fasa da fashe, ɓata da ɓace. A nuna inda aka samu ganɗantawa.
5. A yi sharhin karin maganar da ta zo a sashe na 6.0, sannan a kawo wata mai kama da ita.
6. A rubuta wasiƙa daga shugaban sashe zuwa ga hukuma, ana neman izinin lalata wasu magunguna da wa'adinsu ya wuce.